Garkuwar Jiki: Yadda Take Aiki, Abin da ke Karya Ta, da Abin da Ya Rage a Wuyanmu

Ranar 28 ga Maris, 2020, Gwamnan Jihar Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya sanar da cewa ya kamu da cutar korona. Cikin makonnin da suka biyo baya, sunan Kakuri ya shiga bakin jama'a ta wata fuska da ba a saba ba. Unguwar da aka sani da masaƙu da kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ta zama wurin da ake kai waɗanda gwaji ya tabbatar suna ɗauke da cutar, a cibiyar kula da cututtuka masu yaɗuwa ta jiha. A lokacin babu allurar rigakafi, babu kuma wani magani da aka tabbatar yana kashe ƙwayar. Iyakar abin da likitoci da ma'aikatan jinya ke iya yi shi ne su sauko da zazzaɓi, su kula da ci da sha, su sa wa wanda numfashinsa ya sarƙe iskar oksijin. Duk da haka, mafi yawan waɗanda aka kwantar sun miƙe sun koma gida da ƙafafunsu.

Waraka ta Allah ce, amma Ya sanya mata sababi a cikin jikin kowa, shi ne abin da muke kira garkuwar jiki. Kowa na ambatonta, daga mai shelar magani da lasifika a Kasuwar Monday ta Kakuri har zuwa uwar da ke cewa ɗanta "jininsa ba shi da ƙarfi". Kaɗan ne ke iya faɗin mece ce ita, a ina take zaune, me ke ƙarfafa ta, me ke karya ta. Rashin sanin nan kuwa yana cin kuɗi, yana kuma cin rayuka.

Kafin cuta ta shiga

Garkuwar jiki ba gaɓa ɗaya ba ce da za a nuna da yatsa kamar hanta ko ƙoda. Aiki ne na haɗin gwiwa da ya watsu ko'ina, kuma matakinsa na farko shi ne hana ƙwayar cuta shiga tun daga waje. Fata ce babba a nan. Muddin ba ta tsage ba, mafi yawan ƙwayoyin cuta ba sa iya ratsa ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa ƙuna, yanka, cizon sauro da aska ko allurar da ba a tsabtace ba suke da haɗari fiye da yadda ido ke gani.

Inda jiki ke buɗe dole, wato hanci da baki da ido, akwai wasu dabarun. Majinar da muke ƙyama tana kama ƙura da ƙwayoyin cuta kafin su kai huhu. A cikin hanyar numfashi akwai wasu 'yan gasu ƙanana da ido ba ya gani, dare da rana suna tura wannan majina sama domin a tofar ko a haɗiye. Abin da aka haɗiye kuma ya tarar da ruwan tsami mai ƙarfi a ciki, wanda ke kashe da yawa daga cikin ƙwayoyin. Hawaye da miyau na ɗauke da wani sinadari mai fasa jikin bakteriya, wanda Alexander Fleming ya gano a 1922, shekaru kaɗan kafin ya gano fenisilin. A hanji kuma akwai ɗimbin bakteriya masu amfani da ke zaune lafiya da mu, suna tare wuri da abinci har miyagun su rasa inda za su kafa.

Wannan ya bayyana dalilin da ya sa mura da tari da sanƙarau ke yawaita da hunturu zuwa bazara. Busasshiyar iska da ƙura suna busar da cikin hanci da maƙogwaro, su yi masa ƙananan tsagogi. Hayaƙin taba da na itace da na janareta kuma suna kashe kuzarin waɗancan gasu masu share hanyar numfashi.

In ta riga ta shiga

A ɗauki yaron mai walda da ya taka tsinin ƙarfe a bakin shago. Cikin sa'o'i kaɗan wurin zai yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi, ya riƙa zogi. Mutane na ɗaukar waɗannan alamu a matsayin cutar kanta, alhali aikin jiki ne. Jijiyoyin jini na wurin sun buɗe domin jini ya ƙaru, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake yi wa laƙabi da sojojin jiki, su samu hanyar fita zuwa inda aka ji rauni. Na farkon isowa su ne waɗanda likitoci ke kira nutrofil. Su suka fi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jini, kuma ɓargo na ƙera kimanin biliyan 100 daga cikinsu a kowace rana. Suna haɗiye ƙwayar cuta, su narkar da ita, su ma su mutu. Mugunyar da ake matsewa daga maruru galibinta gawarwakinsu ne. Bayansu sai manyan masu haɗiya su iso su kwashe abin da ya rage. Wani masani ɗan Rasha, Ilya Mechnikov, ya lura da wannan haɗiya a 1882, aka kuma ba shi lambar yabo ta Nobel a 1908.

Bayan kwana biyu yaron zai iya cewa kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Kaluluwa wata 'yar matata ce, kuma akwai ɗaruruwan irinta a wuya da hamata da matsematsi da cikin ciki. Ruwan da ya taso daga wurin rauni yana bi ta cikinta, ta tace shi. Kumburinta na nufin ƙwayoyin kariya na hayayyafa a ciki. Saifa ma irin wannan aikin take yi, sai dai ita jini take tacewa.

Zazzaɓi ma aikin jiki ne. Jiki ne da kansa ke ɗaga zafinsa sama da maki 37 da ya saba, domin ƙwayoyin cuta da yawa ba sa jin daɗin zafi, su kuwa ƙwayoyin kariya aikinsu na ƙara sauri. Wannan ba dalili ba ne na zama a gida da yaro mai zazzaɓi. Alama ce cewa akwai abin da jiki ke fama da shi, sai a je a gwada a san ko menene, musamman a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke iya kashe ƙaramin yaro cikin kwana biyu.

Jikin da ke koyo ya kuma tuna

Duk abin da aka ambata zuwa nan da shi ake haihuwar mutum, kuma ba ya bambanta wannan cuta da waccan. Abin al'ajabin yana a mataki na gaba. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini iri biyu, ƙwayoyin B da ƙwayoyin T. Dukansu daga ɓargo suke fitowa, amma ƙwayoyin T sai sun bi ta wata ƙaramar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimus, inda ake tantance su. Duk wadda aka ga za ta auka wa jikin mai ita, a nan ake halaka ta.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi siffa guda tak take ganewa, amma da yake suna da ɗimbin yawa, da wuya ƙwayar cuta ta shigo a rasa wadda ta dace da ita. Da zarar an dace, sai wannan guda ta shiga ninka kanta. Ƙwayoyin B su riƙa zubo sinadaran kariya da ake kira antibodi, masu manne wa ƙwayar cutar su hana ta aiki. Wasu ƙwayoyin T su kashe ƙwayoyin jikin da bairos ya riga ya ɓuya a ciki. Wasu kuma, da ake kira CD4, su ne masu ba da umarni ga sauran.

Matsalar ita ce lokaci. A karon farko wannan shiri na cin mako ɗaya zuwa biyu, kuma a cikin wannan tsakani ne cuta ke kayar da mutum ko ta kashe shi. In an tsallake, jiki ba ya zubar da abin da ya koya. Tsofaffin ma'aikatan sashen buga atamfa a masaƙun Kakuri sun san cewa fitar da sabon zane shi ne mai cin lokaci: a zana, a sassaƙa a jikin abin bugu, a gwada launi. Amma in an gama aka ajiye shi a sito, ranar da ɗan kasuwa ya dawo neman wannan zanen, ɗauko shi kawai za a yi a ɗora. Haka jiki ke ajiye ƙwayoyin tuni, wasu na tsawon rai. In cutar ta dawo, cikin 'yan kwanaki an gama da ita, sau da yawa mutum bai ma san ta shigo ba. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi.

Ba kowace cuta ce ke barin tuni mai ƙarfi haka ba. Zazzaɓin cizon sauro sai an sha fama da shi shekara da shekaru kafin a samu kariya, ita ma rabi-rabi, kuma tana raguwa in mutum ya daɗe a ƙasar da babu cutar. Wannan ne ya sa ya fi kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5, ya kuma fi wahalar da mata masu cikin fari.

Jariri da abin da uwa ke ba shi

Jariri na zuwa duniya bai san cuta ko ɗaya ba. Abin da ke riƙe shi a watannin farko aro ne daga uwarsa. A watanni uku na ƙarshen ciki, sinadaran kariyarta na ratsa mabiyiya su shiga jininsa. Don haka ake yi wa mai ciki allurar ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, domin kariyar ta isa ga jaririn da za a yanke wa cibiya. Bayan haihuwa kuma sai dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da launin ɗorawa. Har yanzu akwai gidajen da ake matse shi a zubar, a ce gurɓatacce ne, a ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo. Wannan asara ce babba, domin dakashi cike yake da sinadaran da ke shafe hanjin jariri su tsare shi daga gudawa. Shawarar likitoci ita ce a sa jariri a nono cikin sa'a guda da haihuwa, a kuma ba shi nono zalla har wata 6.

Aron nan yana ƙarewa sannu a hankali cikin watanni. Daga nan dole jikin yaro ya koya da kansa, kuma hanya biyu ce: ko ya koya daga cutar, ko ya koya daga rigakafi.

Rigakafi: koyo ba tare da an kwanta ba

Allurar rigakafi na nuna wa jiki ƙwayar cutar da aka kashe, ko aka raunana, ko wani ɗan yanki nata, domin ya ajiye tuni ba tare da an biya da rai ba. Zafin jiki da 'yar rigimar da yaro ke yi a daren da aka yi masa allura shaida ce cewa jikin ya karɓi darasin. Duk mai ɗan tabo zagayayye a saman dantse yana ɗauke da alamar allurar BCG ta tarin fuka, wadda aka fara amfani da ita a 1921.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a Afirka. Tun kafin Edward Jenner ya yi gwajinsa a Ingila a 1796, mutane a sassan nahiyar nan suna tsaga fata su shafa ɗan ruwan ƙurjin agana domin mutum ya yi mai sauƙi ya tsira daga mai tsanani. Wani bawa ɗan Afirka mai suna Onesimus ne ya bayyana wannan hanya a birnin Boston na Amurka, aka kuma yi amfani da ita a annobar 1721. Agana, wadda ke kashe kusan 3 cikin kowane 10 da ta kama, an shelanta kawar da ita daga duniya a 1980. Kakanninmu sun san fuskokin da ta zane. Jikokinsu ba su taɓa ganinta ba.

Tsoron rigakafi a Arewa yana da tushe, kuma bai dace a raina masu shi ba. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Trovan magani ne, ba rigakafi ba, amma raunin da ya bari a zukata ya taimaka wajen dakatar da ɗigon shan inna a 2003. Kafin Kano ta dawo da shi a Yulin 2004, cutar ta samu sarari, daga baya ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har da Yaman da Indunusiya. Da sarakuna da malamai suka shiga gaba, labari ya sauya. An ga na ƙarshen masu ɗauke da ainihin ƙwayar shan inna a Barno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Inda aka yi sake kuwa, tsohuwar cuta na dawowa. Mashaƙo, wanda allurar da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14 ke hanawa, ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, ya kuma kashe yara a Kafanchan a 2023. Mafi yawan waɗanda ya kama ba su kammala allurarsu ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya nuna Najeriya na da yara sama da miliyan 2 da ba a yi musu ko allurar farko ta wannan jeri ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa.

Nan ne batun ya wuce gida ɗaya. Mai ƙyanda guda na iya harbin mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya, kuma ƙwayar na iya zama a iskar ɗaki har sa'a 2 bayan ya fita. Sai kashi 95 cikin 100 na jama'a sun samu kariya kafin ta rasa hanyar yaɗuwa. A gidajen haya na unguwar Makera ko Nasarawa a Kaduna, inda iyalai da yawa ke raba tsakar gida ɗaya, jaririn wata 7 da bai isa allurar ƙyanda ba, yaran maƙwabta da aka yi wa ne ke kare shi.

Abin da ke karya ta

Na farko yunwa. Ƙwayoyin kariya da sinadaransu daga abinci ake gina su. Kakuri ta ga wannan da idonta. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran suka bi baya ko suka durƙushe, dubban magidanta suka rasa albashi. In tukunya ta ragu, yaro ne farkon wanda abin ke nunawa a jikinsa. Mai tamowa gudawa kaɗan ke kayar da shi, gudawar kuma ta ƙara masa tamowa.

Na biyu ƙyanda. Bayan wahalar da take bayarwa, tana kashe ƙwayoyin tuni. Bincike biyu da aka wallafa a 2019 sun tabbatar da cewa tana goge kaso mai yawa na abin da jikin yaro ya riga ya koya, har ya koma buɗe ga cututtukan da ya taɓa tsallakewa. Maganar "bari ta fito masa ya huta" kuskure ce mai tsada.

Na uku ƙanjamau. Ƙwayarsa CD4 take kamawa, wato masu ba da umarni. Mai lafiya na da 500 zuwa 1,500 a cikin ɗan mitsitsin ɗigon jinin da ake aunawa. In suka faɗi ƙasa da 200, tarin fuka da sauran cututtuka sai su yi rubdugu. Maganin da ake bayarwa yanzu na danne ƙwayar har garkuwar ta farfaɗo, mutum ya rayu ya haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Na huɗu sikila, wadda ke lalata saifa tun yarinta, shi ya sa zazzaɓin mai sikila ba abin jira ba ne har gari ya waye. Ciwon suga da ba a kula da shi ba na hana miki warkewa. Tsufa ma na rage kaifin garkuwa.

Na ƙarshe shi ne wanda muke yi da hannunmu. Ƙwayoyin ƙiba da wasu ke saya a kemis ba da izinin likita ba, da yawansu dexamethasone ne, maganin da aikinsa shi ne danne garkuwar jiki. Mayukan bilicin masu irin wannan sinadari na sirantar da fata. Kafson kashe bakteriya da ake haɗiya don mura ba ya taɓa bairos, sai dai ya kashe bakteriya masu amfani a hanji, ya kuma koya wa miyagun jure magani.

In ta wuce gona da iri

Garkuwa na iya yin ɓarna in ta zarce. Asma da borin jini martani ne mai tsanani ga abin da ba shi da illa sosai, irin su ƙura ko wani abinci. Masu aikin sashen kaɗi a masaƙu, a ko'ina cikin duniya, sun san ƙuncin ƙirjin da ƙurar auduga ke jawowa, wanda ya fi tsanani a ranar farko ta komawa aiki bayan hutun mako. Wani lokacin kuma garkuwar kan juya wa jikin kansa, kamar a nau'in ciwon suga na yara, inda take halaka ƙwayoyin da ke yin insulin. A korona ma, da yawa daga waɗanda suka rasu kumburin da jikinsu ya tayar ne ya cika musu huhu. A Yunin 2020 wani babban gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna cewa dexamethasone na rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi. Maganin da ke cutar da mai neman ƙiba shi ya ceci rai a hannun likita.

Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi hattara da mai kwalba da ke alƙawarin "ƙara ƙarfin garkuwa". Abin da jiki ke buƙata daidaito ne, kuma babu jiƙo ko ƙwayar da aka tabbatar tana ɗaga garkuwar mai lafiya sama da yadda aka halicce ta. Zogale, wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, manja, alayyahu da lemo suna da amfani a matsayinsu na abinci, kuma kuɗin kwalba ɗaya zai sayi da yawa daga cikinsu.

Abin da ya rage a wuyanmu

Abubuwan da aka tabbatar suna aiki sanannu ne: dakashi da nono, abinci mai gina jiki, ruwa mai tsabta, wanke hannu da sabulu, gidan sauro, isasshen barci, nisantar hayaƙi, da rigakafi a kan lokaci. Haƙƙin gwamnati ne ta tabbatar akwai allurai a sanyaye da ma'aikata a kowane ƙaramin asibiti. Haƙƙin limamai da fastoci da masu unguwanni ne su faɗi gaskiya a inda ake jin maganarsu.

Sauran na iyaye ne, musamman maza, domin a gidaje da yawa sai da izinin maigida ake fita da yaro. Malam, karɓi katin rigakafin ɗanka daga hannun uwargida ka duba da kanka: ta haihuwa, ta mako 6, ta mako 10, ta mako 14, ta wata 9, da ƙyanda ta biyu a wata 15. In akwai gurbin da ba a cike ba, ba a makara ba. A kai shi asibitin gwamnati mafi kusa a wannan makon. Kyauta ake yi, kuma rigakafi ya fi magani.